Yadda Ake Gina Hasashe Mai Ƙwari a Kan Asalin Iyayen Tauraron Anime

A watan Nuwamba na shekarar 2020 ne babi na 290 na labarin zane mai suna My Hero Academia ya fito a mujallar Weekly Shonen Jump ta ƙasar Jafan. A cikinsa, mugun nan mai ƙonanniyar fata da ake kira Dabi ya tsaya a gadon bayan ƙaton nan Gigantomachia, ya tuttula wa kansa wani ruwa har baƙin rinin gashinsa ya wanke farin gashi ya bayyana, sannan ya shaida wa jarumi Endeavor cewa shi ne Toya Todoroki, ɗansa na fari da kowa ya ɗauka ya daɗe da mutuwa. Masu karatu da dama ba su girgiza ba, domin sun shafe shekaru suna faɗin haka, kuma suna da hujjojinsu a jere. Amma a wancan lokacin akwai wasu hasashe masu yawa a kan iyayen wasu taurari da aka riƙa yaɗawa da irin wannan ƙwarin gwiwa, waɗanda daga baya suka bi ruwa. Abin da ya raba na farko da sauran shi ne hanyar da aka bi wajen gina shi, kuma wannan hanya ce za a shimfiɗa a nan. Sai dai a sani cewa misalan za su tona asirin My Hero Academia da Naruto da One Piece, saboda haka wanda bai yi nisa a cikinsu ba ya yi hattara.

Mataki na farko: tabbatar da cewa marubucin ne ya bar giɓin da gangan

Rashin ambaton mahaifin tauraro ba ya nufin akwai sirri. Sau da yawa marubuci yakan kawar da iyaye ne kawai don yaro ya samu sararin fita yawon duniya ba tare da an kira shi cin tuwon dare ba. Abin da za ka nema shi ne wurin da labarin da kansa ya nuna giɓin da yatsa. Da aka fara kawo Dabi wurin Shigaraki, jagoran miyagun labarin, an tambaye shi sunansa na gaskiya ya ƙi faɗa, ya ce zai bayyana shi idan lokaci ya yi. A gefe guda kuma an nuna cewa Endeavor yana da 'ya'ya huɗu, ga Fuyumi, ga Natsuo, ga Shoto, amma babbansu sai dai a ambace shi a kauce. Mutum marar suna a wannan ɓangare, suna marar mutum a wancan ɓangare: irin wannan giɓi ne ya cancanci ɓata lokaci. Daga baya ma, a babi na 267, da Dabi ya faɗa wa jarumi Hawks sunansa, sai marubucin, Kohei Horikoshi, ya shafe gurbin maganar da baƙin tawada don kada mai karatu ya gani, kuma ba a ɓoye sunan da ba zai girgiza kowa ba.

Mataki na biyu: koma wa tushe

Yawancin jerin anime, wato finafinan zane na Jafan, da suka yi fice daga manga aka ɗauko su, wato littafin zane da marubucin ya zana da hannunsa. Don haka idan kana neman hujja, manga ke gaba. Bayansa sai amsoshin da marubucin ya bayar da kansa, kamar shafin SBS da marubuci Eiichiro Oda yake amsa tambayoyin masu karatu a cikin kundayen One Piece. Anime yana zuwa ne a bayan waɗannan, domin kamfanin da ke shirya shi yakan ƙara wasu kashi na cikon gurbi don kada ya cim ma manga, kuma yakan zaɓi launin gashi ko na ido alhali shafukan manga baƙi da fari ne. Duk hujjar da ta dogara ga launi kaɗai, sai ka bincika ko marubucin ya taɓa zana mutumin da launi a bangon kundi.

A can ƙasan jerin kuma akwai abin da masoya suka ƙirƙira har ya zama kamar gaskiya saboda yawan maimaitawa. Kafin a bayyana sunan Hokage na huɗu a Naruto, wato shugaba na huɗu na ƙauyen tauraron, masoya da yawa sun daɗe suna kiransa Arashi a rubuce-rubucensu, har sababbin masu kallo suka ɗauka daga wurin marubucin, Masashi Kishimoto, sunan ya fito. Da lokaci ya yi sai ga shi sunansa Minato Namikaze. Saboda haka duk abin da za ka kafa hujja da shi, ka rubuta lambar babin da ya zo a ciki, idan kuwa ka kasa gano babin, to ka ajiye shi gefe.

Mataki na uku: tattara alamu, ka auna nauyin kowace

A nan ne mafi yawan masu hasashe suke zamewa, domin sukan fara da kamanni, su kuma ƙare a kansa. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce kama da wane ba ta wane, kuma a duniyar zane maganar ta fi ƙarfi, saboda hannu ɗaya ne yake zana ɗaruruwan fuskoki cikin gaggawar mako-mako, dole wasu su yi kama da juna ba tare da wata manufa ba.

Labarin Roronoa Zoro ya isa darasi. A babi na 1023 na One Piece, ana tsakiyar yaƙin ƙasar Wano, Kawamatsu da Hyogoro suka dubi Zoro suka ce ya yi kama da Shimotsuki Ushimaru, sarkin yankin Ringo, lokacin ƙuruciyarsa, har da yadda yake riƙon takobi. Ga shi kuma ƙauyen da Zoro ya tashi a tekun East Blue sunansa Shimotsuki. Nan take hasashe ya bazu cewa Ushimaru ne mahaifinsa. To amma da kundi na 105 ya fito a shekarar 2023, Oda ya zana bishiyar nasabar a shafin SBS: mahaifin Zoro shi ne Roronoa Arashi, mahaifiyarsa Tera, kakarsa ta wajen uba kuma Shimotsuki Furiko, yayar Ushimaru, wadda tana cikin waɗanda suka bar Wano tare da maƙerin takubba Kozaburo shekara 55 kafin lokacin labarin. Ashe Ushimaru ƙanin kakarsa ne. Kamannin gaskiya ne, jinin ma ɗaya ne, amma masu hasashen sun tsallake daga "ɗan dangi" zuwa "uba" ba tare da wata gada ba. Da sun tsaya a kan cewa Zoro jinin Shimotsuki ne, da sun ci gari.

Alamar da ta fi kamanni nauyi ita ce wadda ta rataya a kan dokokin duniyar labarin. A My Hero Academia baiwar da ake haihuwar mutum da ita gadonta ake yi, daga uba ko daga uwa ko kuma haɗin biyun. Endeavor, mai baiwar wuta, ya auri Rei mai baiwar ƙanƙara ne da niyyar samun ɗan da zai haɗa duka biyun. Yanzu dubi Dabi: wutarsa shuɗiya ce mai tsananin zafi, amma jikinsa ba ya jure mata, duk lokacin da ya daɗe yana amfani da ita sai fatarsa ta fara hayaƙi, abin da abokin karawarsa Geten ya lura da shi. Mutumin da ke da wutar da ta fi ƙarfin jikinsa ya yi daidai da yaron da ya gaji wutar uba amma ya ɗauko jikin uwa, jikin da aka yi don sanyi. Wannan hujja tana bayyana wani abu da in ba ita ba zai zauna ba bayani, kuma wannan ne ma'aunin hujja mai kyau.

Sai kuma ɗabi'a da furuci. A sansanin horo na daji, da Dabi ya haɗu da Shoto, cikakken sunansa ya kira, haka kuma ya kira Endeavor da sunansa na yanka, Enji Todoroki, bayan faɗan da aka yi a Kyushu, alhali duk ƙasar da sunan aiki take kiransa. Sunan Dabi kansa a Jafananci yana nufin ƙona gawa, kuma Toya a gobarar tsaunin Sekoto aka ce ya halaka, inda ba a samu komai nasa ba sai guntun ƙashin muƙamuƙi. Ƙa'ida ce da ma'abota irin waɗannan labarai suka sani, cewa wanda ba a ga gawarsa ba, kada a yi saurin karɓar gaisuwarsa. Idan ka jera waɗannan, za ka ga kowace ta fito daga kusurwa dabam, amma duk wuri guda suka nufa. Alamu uku daga kusurwoyi mabambanta sun fi alamu goma da dukkansu a kan siffar ido da hanci suke.

Mataki na huɗu: yi lissafin shekaru da na wurare

Ɗauki takarda ka rubuta shekarun yaron, da shekarun wanda kake zargi, da inda kowannensu yake a shekarar haihuwar. Wannan ɗan aiki na minti goma yana kashe hasashe da yawa tun kafin su ba da kunya. Ushimaru sarki ne a ƙasar da ta rufe iyakokinta, ba shiga ba fita, Zoro kuwa a wani teku mai nisa ya tashi, kuma masu hasashen ba su kawo babin da ya nuna sarkin ya taɓa barin Wano ba.

A gwada wannan ma'auni a kan hasashen da ya fi kowanne tashe a One Piece, wato wai ɗan fashin tekun nan Crocodile, duk da namiji ne, shi ne mahaifiyar Luffy, tauraron labarin. Tushensa shi ne abin da ya faru a kurkukun Impel Down, inda Ivankov, wanda ke da ikon mayar da namiji mace ko mace namiji, ya ce ya san Crocodile tun yana sabon shiga, kuma yana riƙe da wani sirrinsa. Masu wannan ra'ayi sukan ƙara da cewa a babi na 0, wanda ya nuna ranar da aka kashe Gol D. Roger, sarkin 'yan fashin teku, ta baya aka zana Crocodile ba a nuna fuskarsa ba, sannan a yaƙin Marineford ya tare wa Luffy hari. To, a zo ga lissafi. Bayan tsallaken shekara biyu da labarin ya yi, Crocodile yana da shekara 46, Luffy yana da 19, ke nan Crocodile yana ɗan 27 aka haifi Luffy. Oda kuwa ya bayyana a SBS cewa tun kafin ya cika 25 ya shiga sahun 'yan fashin teku bakwai da gwamnati ta ɗaure wa gindi, wato ya riga ya zama sananne a idon duniya kafin haihuwar. Ga kuma abin da ya faru a Alabasta, inda ya soke Luffy da ƙugiyarsa ya bar shi a cikin rairayi don ya mutu. A ganina, maganar Ivankov tana nuna akwai sirri, amma ba ta ce sirrin haihuwa ba ne, balle ta ce haihuwar Luffy. Hasashen yana da daɗin hira, ƙafarsa ce dai ba ta taka ƙasa ba.

Sai dai lissafi ma yana da iyaka, kuma Portgas D. Ace, wanda Luffy yake kira wansa, shi ne shaida. An kashe Roger shekara 22 kafin farkon labarin, Ace kuma yana da shekara 20, don haka duk mai lissafi zai cire Roger daga jerin waɗanda ake zargi. Amma a babi na 550, wanda ya fito a shekarar 2009, shugaban sojojin ruwa Sengoku ya sanar wa duniya cewa Ace ɗan Roger ne. Mahaifiyarsa, Portgas D. Rouge, ta riƙe cikin wata 20 a tsibirin Baterilla don ta ɓatar da sojojin da ke bin mata masu ciki da jarirai gida-gida, ta haife shi shekara ɗaya da wata uku bayan mutuwar uban, ta kuma rasu a kan haihuwar. Abin lura shi ne tazarar ƙarama ce, kuma marubucin ya cike ta da wani abu da ya zama zuciyar labarin. Idan lissafinka ya kauce da 'yan watanni, kada ka yar da hasashen tukuna. Idan kuwa sai ka ƙirƙiro tafiya a ɓoye da sauya kama da mantuwa kafin lissafin ya daidaita, to kai ne kake rubuta labarin da kanka.

Mataki na biyar: kula da harshe

Mafi yawanmu ta hanyar fassara muke kallon anime, wani lokaci ma fassara a kan fassara, kuma kalmomin dangantaka suna cikin abin da ya fi wahala a tsallakar da shi lafiya. Kalmar oyaji a Jafananci tana iya nufin mahaifi, tana iya nufin dattijo ko maigida, kamar dai yadda Bahaushe yake kiran ƙanin uba da maƙwabci da tsohon da ya haɗu da shi a tasha duk da Baba. Mutanen jirgin ɗan fashin teku Whitebeard oyaji suke ce masa, shi kuma yana kiransu 'ya'yansa, alhali ba shi ya haife su ba. Haka nan Ace da Luffy wa da ƙane suke kiran juna, shi ya sa da Garp, kakan Luffy, ya bayyana a babi na 432 cewa Dragon ne mahaifin Luffy, masu karatu suka ɗauka shi ne na Ace ma. 'Yan'uwantakar tasu ta rantsuwa ce, da suka ƙulla suna yara.

Sunan dangi ma yana ruɗarwa ta fuska biyu. Ace ya ɗauki sunan mahaifiyarsa ne saboda ƙin mahaifinsa, Naruto kuma aka ba shi Uzumaki, sunan gidan mahaifiyarsa Kushina, don a kare shi daga maƙiyan mahaifinsa Minato. Bambancin suna ba ya kore nasaba, wani lokaci ma shi ne murfin da aka rufe ta da shi.

Mataki na shida: tambayi abin da labarin zai ƙaru da shi

Wannan mataki ne na fi ba muhimmanci, ko da yake shi aka fi mantawa. Marubuci ba ya ɓoye nasaba shekara da shekaru don kawai ya ba mutane mamaki na mako guda. Yana ɓoyewa ne domin bayyanar ta sauya ma'anar abin da ya gabata. Tun babin farko na Naruto, a shekarar 1999, an san Hokage na huɗu ya kulle dodo mai jela tara a cikin wani jariri, ya kuma mutu a kan haka. Tambayar da ta rage ita ce, wane shugaba ne zai ɗauki ɗan wani ya ɗora masa wannan nauyi? Da zarar ka ce ɗansa ne, sai al'amarin ya zauna daram, domin mutumin kirki ba zai nemi wani ya sadaukar da ɗa ba alhali shi yana da nasa. Gashin nan nasu, shi da Naruto, mai launin ruwan ɗorawa da ya yi tsaye tamkar ƙaya ƙari ne kawai. Shi ya sa da Jiraiya da Tsunade, manyan ƙauyen su Naruto, suka fito da maganar fili a babi na 367, a shekarar 2007, kuma Naruto ya ji daga bakin Minato a babi na 440, abin ya zo wa masu karatu kamar biyan bashin da aka daɗe ana jira.

Haka yake ga Dabi. Endeavor ya zama jarumi na ɗaya a ƙasar, yana ƙoƙarin gyara ɓarnar da ya yi wa iyalinsa, Shoto kuma ya fara sassautowa. Ba abin da zai gwada wannan tuba kamar dawowar ɗan da zafin burin uban ya ƙone, yana tona asirin gidan a gidajen talabijin na ƙasa baki ɗaya. Hasashen ya dace da inda labarin ya dosa tun kafin a tabbatar da shi.

A kwatanta da hasashen da ke cewa babban mugu All For One ne mahaifin Izuku Midoriya, tauraron My Hero Academia. Giɓin yana nan, domin ba a taɓa nuna mahaifinsa Hisashi Midoriya ba, abin da aka sani kawai shi ne yana fesa wuta da baki kuma yana aiki a ƙasar waje. Masu hasashen sun ce tun da All For One yana ƙwace baiwar mutane, wataƙila shi ya ƙwace ta ɗansa. Amma ginshiƙin labarin Izuku shi ne yaro ne gama-gari da aka haifa ba baiwa, wanda halinsa ya sa babban jarumi All Might ya zaɓe shi ya gaje shi. Idan aka mayar da shi ɗan babban gida, an rushe wannan ginshiƙi. Manga ɗin ya ƙare a babi na 430, a watan Agusta na 2024, ba tare da Hisashi ya bayyana ba, kuma ba a danganta shi da All For One ba.

Mataki na bakwai: ka nemi rushe shi da kanka, sannan ka rubuta

Kafin ka fitar da hasashenka, ka zauna a kujerar abokin hamayya, ka nemo babin da ya fi cutar da shi, ka sa shi a cikin rubutun tare da amsarka, idan kana da ita. Idan ba ka da ita, ka faɗa. Wajen rubutawa kuma ka fara da gargaɗin babin da bayaninka ya kai, don kada ka ɓata wa na baya kallo, sannan ka kawo da'awar a jimla ɗaya, ka bi ta da hujjoji daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, kowace da lambar babinta. Ka raba abin da aka zana a shafi da abin da kai ka fahimta daga gare shi, domin "Ivankov ya ce yana riƙe da sirrin Crocodile" magana ce da kowa zai iya dubawa, amma "sirrin na jinsi ne" fassararka ce.

Yana da kyau ka kuma rage girman da'awar zuwa iyakar abin da hujjojinka za su iya ɗauka, sannan ka faɗi abin da zai sa ka janye ta. Waɗanda suka ga wani mai kama da Shanks, ɗan fashin tekun da Luffy yake koyi da shi, ya shiga wurin dattawan gwamnati biyar a babi na 907 na One Piece, a shekarar 2018, sun kasu kashi-kashi, wasu suka ce Shanks maci amana ne, wasu suka ce yana da alaƙar jini da manyan gidajen masu mulkin duniya, wasu kuma suka ce tagwaye ne. Fim ɗin One Piece Film: Red na shekarar 2022 ya jefo sunan gidan Figarland, sai a farkon 2025 manga ya fito da Figarland Shamrock, ɗan Garling kuma ɗan tagwayen Shanks. Wanda ya rubuta tun farko cewa "Shanks yana da jinin babban gida, kuma zan janye idan aka nuna iyayensa talakawan wani ƙauye ne" ya jira kusan shekara bakwai kafin ya ga sakamako, don haka ka sa kwanan wata a kan naka hasashen, ka adana shi inda za ka iya samunsa.